Kwana 19 ba tramol: wane zama zan shiga?

Tambaya: Ni ɗan moto ne a Garwa, shekaruna 27. Na yi shekara huɗu ina shan tramol. Watan jiya na faɗi daga kan moto ina jijjiga, aka kwashe ni sai asibiti. Yau kwanana 19 ban sha ba. Yanzu kowa da shawararsa. Wani malami a unguwarmu yana tara samari bayan isha'i. Abokina da ke Yawunde ya turo mini hanyar shiga wani taro ta waya, da Faransanci, wai shi NA. A asibiti sun ce akwai zaman masu daina shaye-shaye duk ranar Laraba. Babana kuma so yake ya kai ni ƙauye gidan wani malami in yi wata shida ba fita. Wanne zan bi?

Amsa:

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi. Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, na kuma san abin da kwana 19 ke nufi ga wanda ya yi shekara huɗu. Hamma, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, hanci yana ta zuba kamar mai mura, duk ka wuce su, don waɗannan sukan yi sauƙi cikin mako guda ko kwana goma. Abin da kake ciki yanzu shi ne rashin barci, kasala, saurin fushi, da wani irin ɗacin rai wanda ba ka san dalilinsa ba. Tramol ba kamar sauran dangin ofiyam yake ba: bayan kashe zafin ciwo, yana kuma taɓa sinadaran da ke riƙe da walwalar mutum, irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa idan aka bar shi, jiki ya huce amma zuciya ta ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ta daidaita. A wannan tsakanin ne mutane suka fi komawa ruwa, kuma a nan ne zama da 'yan'uwa masu irin matsalarka yake da amfani.

Bari in fara cire ɗaya daga cikin huɗun. Gidan da za a kai ka a kulle, kada ka je. Ka faɗa wa Baba cikin ladabi, in da hali ka tafi da shi wajen likitan da ya duba ka ya yi masa bayani. Ba raina malamai nake ba, zan zo kan nasu amfanin. Amma wurin da ba ka da ikon fita, ba likita, ga mari a ƙafa da bulala, wannan ba jinya ba ce. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Ko da an samu gidan da ba a duka, akwai wani haɗarin da iyaye ba su sani ba. Wanda aka tsare wata shida jikinsa ya manta da ƙwaya, amma kansa bai koyi yadda zai wuce ta gaban mai sayar da ita ba. Ranar da ya fito, in ya sha adadin da ya saba sha a da, jikin ba zai ɗauka ba. Haka ake rasa yara a makon farko na dawowarsu gida. Kai ma ka riƙe wannan: bayan kwana 19, abin da kake haɗiya a da ya riga ya fi ƙarfinka. A asibiti iyakar abin da ake ba babban mutum a yini miligiram 400 ne, su kuwa na kasuwa ƙwaya ɗaya takan kai 200 ko 225, ka lissafa nawa kake zubawa a shayin safe. Wanda tramol ya taɓa kayar da shi da jijjiga, yana iya sake kayar da shi, kuma a kan moto kake neman abinci.

Saura uku. Ba kishiyoyin juna ba ne, kuma ba dole sai ɗaya ba. Amma ka san halin kowanne.

NA ɗin da abokinka ya turo maka, asalinta daga wata ƙungiya ce ta mashaya giya mai suna Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice, wadda wasu mutum biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Abin da suka gano mai sauƙi ne: mashayi ya fi jin maganar mashayin da ya daina fiye da ta kowa. A 1953 aka kafa Narcotics Anonymous, wato NA, a Kalifoniya a kan tsari iri ɗaya, don masu shan ƙwaya. Suna da matakai 12. Na farko, ka amsa cewa abin ya fi ƙarfinka. Sai ka miƙa lamarinka ga wani Iko da ya fi ka, ka zauna ka rubuta laifuffukanka ba ɓoye-ɓoye, ka faɗa wa mutum ɗaya, ka nemi waɗanda ka cuta ka gyara in gyaran ba zai ƙara cutar da su ba, daga ƙarshe ka taimaki wani. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifinka, kuma idan mutum yana magana ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi. Wanda ya daɗe da dainawa yakan ɗauki sabon shiga ya zame masa kamar yaya, wanda zai iya kira ko ƙarfe biyun dare ne. Maganarsu kullum ita ce "yau kaɗai": ba a ce ka yi alƙawarin har abada ba, ka dai kai dare ba ka sha ba.

Na san abin da zai tsaya maka a rai, don an sha yi mini tambayar: wannan ba addinin Nasara ba ne? Gaskiya waɗanda suka kafa AA daga cikin wata tafiya ta Kiristoci suka fito, kuma a wasu tarukan za ka ji ana rufewa da addu'ar da ba taka ba. Amma ƙa'idarsu ita ce kowa da Ubangijinsa yadda ya san Shi. Ɗaya daga cikin ƙasashen da NA ta fi yawan tarurruka a duniya ita ce Iran. A Amurkar ma, Musulmi a birnin Baltimo sun kafa tasu a 1989, Millati Islami, suka ɗora matakan a kan Alƙur'ani da hadisi. Idan ka duba da kyau, amsa laifi, nadama, mayar da haƙƙin mutane, ai sharuɗɗan tuba ne da ka koya tun kana makarantar allo.

Ko tana aiki? A 2020 masu tace binciken lafiya na Cochrane sun haɗa bincike 27 da aka yi a kan mutum fiye da 10,000. Suka samu cewa waɗanda aka bi da su ta tsarin da ke shigar da mutum AA, kashi 42 cikin ɗari ba su taɓa giya ba har shekara guda, waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin nasiha na asibiti kuwa kashi 35. Ka lura da abu biyu. Binciken a kan giya aka yi shi, ba tramol ba. Sannan ko a hanyar da ta fi, fiye da rabi sun sake sha a cikin shekarar. Ban faɗa don in karya maka gwiwa ba, sai don ka san zamewa abu ne da ke samun mafi yawan mutane, saboda haka yadda zama yake karɓar wanda ya zame shi ne ma'aunin da ya fi kowanne.

Matsalar NA a wajenka ba ta aƙida ba ce, ta waya ce da harshe. Taron bidiyo na awa guda yana cin kiredit, ga wuta da ke ɗaukewa, ga ɗakin da kake kwana da ƙanne uku suna kasa kunne. Idan masu taron a Faransa suke, lokacinmu ɗaya da nasu a lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gaba da mu da awa ɗaya, kada ka shiga ka tarar an tashi. Babban abin shi ne harshe. Faransancin ciniki da fasinja daban, Faransancin da za ka faɗi cewa ka saci ɗan kunnen mahaifiyarka ka sayar daban. Na ga samari da ke zuba Faransanci kamar 'yan Duwala, amma da aka zo maganar kunya sai bakin ya mutu, sai da aka koma Hausa ko Fulatanci hawaye suka zubo. In za ka iya faɗin abin da ke cin ranka da Faransanci, shiga. In ba za ka iya ba, ka riƙa shiga kana saurare, akwai amfani a jin wani Bature mai shekara sittin yana faɗin irin ƙaryar da kai ma ka yi wa kanka, amma kada ya zama shi kaɗai ne madogararka. Mutumin da ke Liyon ta Faransa ba zai zo bakin tasha ya ja hannunka ba.

Zaman asibiti na Laraba wani iri ne daban. Ma'aikacin lafiya ne ke jagoranta, kuma galibi ba a kan tuba da miƙa wuya aka gina shi ba, a kan koyon dabaru ne. Akwai ma ƙungiyar da ta tsaya a kan wannan hanya zalla, SMART Recovery, da aka kafa a 1994. Su ba sa cewa ka kira kanka ɗan ƙwaya, ba sa maganar Iko na sama, ba yaya mai riƙo. Takarda ake ɗauka a raba gida huɗu: me shan yake ba ni, me yake ci mini, me dainawa za ta ba ni, me za ta ci mini. Kada ka raina gidan farko. Tramol ya ba ka wani abu, in ba haka ba da ba ka yi shekara huɗu da shi ba. Ya ba ka ƙarfin yin awa goma sha huɗu a kan moto a zafin watan Afrilu na Garwa, ya kashe maka ciwon baya, ya sa ka haɗa kuɗin mai moto har ka samu na cefane. Duk zaman da ya ƙi yarda da wannan, ya ce maka shaiɗan ne kawai, bai shirya taimakonka ba, don ranar Asabar ciwon bayan zai dawo, mai moto kuma yana jiran kuɗinsa. Ba kai kaɗai ba ne, har dabbobi an sa a ciki. A 2013 wasu masu bincike a Faransa suka ba da sanarwar cewa sun samu tramol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, aka yi ta mamakin itacen da ke yin maganin bature da kansa. Shekara guda bayan haka masu bincike a Jamus suka nuna cewa daga fitsari da kashin shanu da na mutane ya shiga ƙasa, don manoma suna sha suna kuma ba shanun huɗa. Ƙasar da saiwar itace ta sha ƙwaya, ba a cewa ɗan moto ɗaya ne lalatacce.

Abin da irin wannan zama ke koyarwa shi ne ƙishin ƙwaya yana tasowa ya kai ƙololuwa ya sauka da kansa, yawanci cikin mintuna, in ba ka ciyar da shi ba. Ana koya maka ka gane abin da ke tayar da shi: wane mai shayi, wane lungu, wane lokaci, wane aboki. Tarukan SMART na intanet yawancinsu da Ingilishi ne, don haka ba na tura ka can, amma dabarunsu su ne za ka tarar a hannun ma'aikacin da ya san aikinsa. Kuma ga abin da asibiti ke da shi wanda sauran ba su da shi: akwai mai duba ka idan rashin barcin ya ƙi ƙarewa, ko baƙin cikin ya kai ka fara tunanin mutuwa ta fi. In wannan tunanin ya zo, kada ka jira Laraba, ka tafi a ranar. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta buɗe cibiyoyin kula da masu shaye-shaye a cikin wasu asibitoci, ana kiransu CSAPA, ka tambaya da wannan sunan. Raunin zaman asibiti kuwa shi ne sau ɗaya ne a mako, da rana, lokacin da kake neman kuɗi, kuma in aka canja wa mai jagorantarsa wurin aiki yakan watse.

In ka haɗa da wani abin, faɗa wa likita gaskiya. Wanda ya saba da arki ko wiski na leda kullum, ko ƙwayar barci irin diyazefam, ba a yanke masa lokaci ɗaya. Barin giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya kamu yana kawo karkarwa da gane-gane da jijjiga a cikin kwana ukun farko, kuma yana kisa. Wannan ba aikin majalisa ba ne, ko wace iri ce.

Yanzu malamin unguwarku. A nan zan daɗe, don shi ne ya fi kusa da ƙofarka, kuma shi ne zai fi yi maka amfani ko ya fi yi maka illa.

Amfaninsa a fili yake. Kullum ne, da harshenka ne, ba ka kashe ko dala, kuma yana cike maka lokacin da ya fi haɗari, tsakanin isha'i da barci. Yana ba ka sababbin abokan zama, wanda shi ne rabin maganin, tunda zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kiristoci ma ta nan suka bi. Ƙungiyar Croix-Bleue, mai taimakon mashaya giya su daina, wani fasto ne ya kafa ta a Janeba ta ƙasar Suwizalan a 1877, kuma tana da reshe a Cadi. Addini yana ba mutum dalilin tashi da asuba, yana kuma ba shi hanyar wanke kunya, abin da takardar gida huɗu ba ta bayarwa.

Amma ka je sau uku kana kallo kafin ka buɗe cikinka. Ka duba su waye ke magana. In malam ne kaɗai daga farko har ƙarshe, samari suna sunkuye, to wa'azi ne. Wa'azi yana da kyau, sai dai ba shi kake nema ba, tunda ka riga ka san haramun ne tun ranar da ka fara. Abin da kake nema shi ne wurin da wani zai ce "jiya na wuce ta gaban mai shayin nan, ƙafata ta ƙi tafiya," wani ya ce "ni ma, ga abin da na yi." Ka duba ko a cikinsu akwai wanda ya sha ya daina ya shekara. Ka duba kuma ko maganar da aka yi daren Talata tana kaiwa bakin masu moto da safiyar Laraba. Garwa babban gari ne amma unguwa ƙarama ce, kuma kai saurayi ne mai neman aure wata rana.

Na taɓa raka wani yaro irin wannan zama, a wata unguwa da ba zan faɗa ba. Ya yi wata biyu cif bai sha ba, sai ranar sallah ya zame. Ya zo da kansa, idonsa ja, ya zauna a bakin tabarma ya ce ya sha. Mai jagorancin ya sa shi ya miƙe tsaye, ya nuna shi da carbi ya ce ku dubi munafuki, wanda ya yi wa Allah alƙawari ya saɓa. Yaron ya tsaya yana murza hularsa har aka gama, ya sa takalmi ya fita. Bai sake komawa ba, sauran kuma suka koyi darasi: daga ranar ba wanda ya sake cewa ya zame. Suna sha suna zuwa suna shiru. A wani wurin kuma na ga dattijo, tela ne ba ma malami ba, wani ya zo masa da irin wannan labari. Bai ce komai ba sai da ya zuba masa shayi. Sannan ya tambaye shi ƙarfe nawa abin ya faru, da wa yake tare, ya ci abinci ko bai ci ba. Aka gano tun safe bai karya ba, ya yi faɗa da mai moto, ya je ya zauna shi kaɗai a bakin gada. Aka tsayar cewa gobe in an yi faɗa, shagon tela zai nufa. A NA ma haka al'adar take: wanda ya zame ya dawo, ɗan farin maɗaurin makulli ake miƙa masa irin na ranar farko, a tafa masa.

In kana son hujjar da za ka auna malamin da ita daga cikin littafinsa, tana cikin Bukhari. Akwai sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Giyar ma ba rana ɗaya aka haramta ta ba, sai da aka bi da mutane daki-daki, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida. Malamin da ya riƙe wannan, zauna da shi.

Abu ɗaya kuma da ba na sassautawa a kansa. Duk wanda ya ce ka zubar da maganin da likita ya rubuta maka, wai ƙwaya ƙwaya ce, ko wai rubutu ya wadatar, ka tashi daga wurin. Ba a majalisar malamai kaɗai ake samun wannan ba, a cikin 'yan NA ma akwai masu ganin wanda ke kan maganin likita bai gama tsarkaka ba, alhali rubutattun ƙa'idojin AA sun hana ɗan ƙungiya ya mai da kansa likita. Ka sha rubutunka, ka sha maganinka. Haka nan wanda ya fara maganar kuɗi, ko ya ce yana da garin magani mai cire son ƙwaya cikin kwana bakwai.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Laraba ba fashi, ko da za ta ci mini kuɗin rabin yini, har wata uku. Zaman malam in gwada shi sau uku da idon da na faɗa maka, in ya ci jarrabawa ya zama na kullum. NA in shiga sau ɗaya ko biyu a mako, musamman daren da barci ya ƙi zuwa, da abin sauraro a kunne. Daga cikin duka ukun in nemi mutum ɗaya tak da ya riga ni dainawa, in karɓi lambarsa, in kira shi tun kafin in sha, ba bayan na sha ba. In zaman malamin bai yi ba, ba a rasa mutum uku a Larabar da za su yarda ku riƙa haɗuwa ranar Asabar a zauren wani. AA ɗin ma da mutum biyu ta fara. Sharaɗi dai kada a yi a inda ake sayarwa, kada mai magana a katse shi, kuma abin da aka faɗa ya mutu a wurin.

Baba kuma kada ka bar shi a waje. Tsoro ne ya sa shi maganar ƙauye, ya ga ɗansa a ƙasa yana kumfa. Turawa ma sai da suka kafa wa iyalan mashaya tasu ƙungiyar, Al-Anon, a 1951, don sun gane gida yana jin jiki tare da mai shan. Ka ba shi aiki: ya riƙa karɓar cinikin yini a hannunka da yamma na ɗan lokaci, ya raka ka Larabar farko. Maganar hawa moto kuwa, ka tambayi likitan da ya duba ka yaushe ya dace ka koma bayan wannan jijjigar, kuma idan ka koma, ka canja tashar da kake tsayawa da mai shayin da kake karyawa a wajensa.